Kallon tsuntsaye a fadamar Waza da Logon da damina: amsa ga wani malamin makaranta

Wani malamin makaranta daga Marwa, a arewacin Kamaru, ya aiko da wannan tambaya: "Ba ni da sarari sai a dogon hutu, Yuli da Agusta. Na sayi madubin hangen nesa, ina so in je Waza in kalli tsuntsayen ruwa, amma duk wanda na gaya wa sai ya ce in bari sai rani, wai da damina babu komai sai laka da sauro. Haka ne? In kuma akwai abin gani, ina zan nufa, kuma yaya zan yi da ruwan sama?"

Malam, barka da hutu, Allah ya sa wa madubin nan albarka. Waɗanda suka ba ka shawara ba su yi ƙarya ba, amma rabin maganar suka faɗa maka. Abin da suke nufi da "abin gani" shi ne taro. A watan Janairu da Fabrairu, idan ruwan fadama ya janye ya bar tabkuna nan da can, kifi yakan maƙale a ɗan abin da ya rage, sai kwasakwasa da borin tunke da tsagagi da jinjimi su taru a wuri ɗaya har ka rasa inda za ka ajiye ido. A kan wannan kuma ga baƙi daga Turai da Rasha, agwagin daji da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu, waɗanda sukan fara isowa sosai daga Satumba da Oktoba su juya a Maris da Afrilu. Saboda haka ne ma aka ajiye ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka soma tun 1967, a tsakiyar Janairu. A Yuli waɗannan baƙi suna can ƙasashensu suna kwanci, namu na gida kuwa sun watsu, domin kowane kududdufi ya cika, babu abin da zai tilasta musu cunkoso. In taro kake nema, ka jira ɗari.

Amma ni da na yi shekaru ina bin wannan fadama da littafi da fensir, abin da zan gaya maka shi ne da rani nakan ƙirga tsuntsaye, da damina nake sanin su. Tsuntsun rani cin abinci kawai yake yi, ya huta, ya tashi. Na damina shi ne yake sauya riga, ya yi neman aure, ya yi faɗa a kan iyaka, ya saƙa sheƙa, ya ciyar da 'ya'ya. Kusan duk abin da na sani game da halin gauraka ko mulufi a cikin yayyafi na koye shi. Wanda ya fara da damina yakan fi wanda ya fara da rani iya kallo, don shi na rani idonsa ya saba da ɗaruruwa, ba ya tsayawa a kan ɗaya.

Sai dai ka cire cikin gandun dajin Waza daga lissafinka a wannan hutu. Gandun babba ne, murabba'in kilomita 1,700, an keɓe shi tun 1934, ya zama gandun ƙasa a 1968, kuma tsakaninsa da fadamar Logon da ke manne da shi an rubuta tsuntsaye iri sama da 370. Amma bisa al'ada daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Yuni ake karɓar masu ziyara, kuma dalilin yana ƙarƙashin ƙafarka. Gabashin gandun baƙar laka ce, irin wadda Fulani ke kira karal, wadda ake dasa masakwa a kanta idan ruwa ya janye. Da rani takan tsattsage har hannu ya shige, da damina ta kumbura ta haɗe ta zama kamar sabulu, ta riƙe tayar mota, ta cire wa mutum takalmi. Ga kuma maganar tsaro, wadda tun 2013 ta sauya yadda ake shiga wannan yanki. Ko da rani ne, kada ka kama hanyar Mora zuwa Waza sai ka ji daga hukuma da ofishin kula da gandun daji da namun daji halin da ake ciki a makon da za ka tafi, ba labarin watan jiya ba. Haka abin yake a Cadi: gandun Zakuma yakan rufe da damina don ruwa yana yanke hanyoyinsa, tabkin Fitri ma isa gare shi a Agusta babban aiki ne.

Akwai wani abu da mutanen gari da yawa ba su lura da shi ba, kuma shi zai gyara maka lissafin lokaci. Ruwan da ke cika yayre, wato shimfiɗaɗɗiyar fadamar da ke tsakanin Waza da kogin Logon, kashi biyu ne. Na farko na sama ne: ruwan Yuni da Yuli yakan cike tsagar ƙasa, ya rufe ta, ya kwanta a ƙananan kwaruruka, ciyawa ta tsiro, kwaɗi su fara, gaiwa ta fasa ɗakin lakar da ta yi rani a ciki. Na biyu na kogi ne, kuma daga nesa yake zuwa, daga tuddan Adamawa da arewacin Afirka ta Tsakiya inda Logon ya samo asali. Wannan yakan ɗauki makonni yana gangarowa, sai a Satumba da Oktoba yake kaiwa maƙura ya tumbatsa ya malale cikin burgu da shinkafar daji. Ka ga ke nan lokacin da aka fi tafka ruwan sama a Marwa, wato Agusta, ba shi ne lokacin da fadama ta fi cika ba. An ga muhimmancin wannan ruwa na biyu ido da ido: da aka gina madatsar Maga a 1979 domin noman shinkafa na kamfanin gwamnati SEMRY, ga kuma farin da aka sha a shekarun 1970 da 1980, malalar ta ragu ƙwarai, ciyawa mai daɗewa ta mutu a wurare da yawa, kifi ya ragu, makiyaya suka ƙaura, tsuntsaye suka bi su. A 1994 aka buɗe wata tsohuwar hanyar ruwa da aka toshe, kusan murabba'in kilomita 200 suka sake shan ruwa, tsuntsayen ruwa suka ƙaru. A 2006 aka sa fadamar, hekta 600,000, cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. To kai a Yuli da Agusta ruwan farko za ka tarar, na kududdufai da gonakin shinkafa da gefen tabki, kuma shi ne ma ya fi sauƙin kallo ga mai tafiya a ƙafa.

Saboda haka gefe za ka bi. Wurin da zan fara tura ka shi ne Maga, kimanin kilomita 80 gabas da Marwa. Jingar tabkin tana da tsawon kilomita 27, kuma amfaninta gare ka shi ne tana ɗaga ka sama da ciyawa: hannu ɗaya tabki da bado da kacalla, ɗaya hannun gonakin shinkafa da magudanansu. Daga nan in hanya ta yarda ka leƙa Pus a bakin Logon. Ka tambayi direbobi a tasha kafin ka tashi, domin a 2024 ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a Yagwa da Maga da kewaye, kuma shekarar da ruwa ya yi yawa mutanen wurin suna cikin abin da ya fi kallon tsuntsu nauyi. In ka ji ana maganar jinga tana neman ɓallewa, ka zauna gida. Wanda yake Garwa yana da bakin Binuwai da fadamun da ke gefensa, wanda yake Kuseri ko Njamena yana da mahaɗar Shari da Logon. Kada kuma ka raina bayan garinku. Ramukan da aka haƙa ƙasar bulo da na aikin hanya, idan suka cika, sukan tara abin da zai ishe ka mako guda.

Ka fara da shamuwa, tun kafin ka bar unguwa. Ita ce baƙuwar da kowa ya sani, kakanninmu suna ganinta su fara gyaran gona. Ba daga Turai take zuwa ba. Ɗarinmu takan yi shi a kudancin Afirka, lokacin da can ake damina, sannan ta biyo ruwa zuwa arewa ta iso mana a bazara. Takan yi sheƙa a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, domin ta san ba a taɓa ta. A Yuli akwai 'ya'ya a sheƙa. Ka zauna nesa kaɗan ka sa madubi, za ka ga fatar fuskar uwar shuɗiya ce da ɗan ja kusa da ido, abin da mai wucewa bai taɓa lura da shi ba, ka ga tana dawowa daga gona da fara da tsutsa da kwaɗo tana amayar wa 'ya'yan. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ka duba yadda take rufa musu jiki. Balbela ma ka sake dubanta: wadda ka sani fara fat da rani, yanzu kanta da ƙirjinta da bayanta sun yi launin ƙasa-ƙasa mai ɗan ja, rigar aure ke nan.

A gefen gonar shinkafa kuwa mulufi ne sarki. Da rani in na nuna maka shi ba za ka yarda ba, ɗan tsuntsu ne mai ruwan ƙasa da zane-zane, ba ya bambanta da matarsa. Da ruwa ya zauna sai namijin ya zubar da wannan gashi ya fito ja wur da baƙi, ya hau kan kara ya kumbura wuya, ya riƙe ɗan fili yana korar duk namijin da ya gitta, mata biyu ko uku suna kwanci a cikin iyakarsa. Yana da ɗan'uwa rawaya da baƙi wanda ya fi son ciyawar da ke tsaye cikin ruwa; shi idan zai burge mace yakan tayar da gashin bayansa ya zama kamar ƙwallo, ya riƙa shawagi ƙasa-ƙasa yana karkarwa kamar ƙaton zuma. Marai suna can a kan bagaruwar da ta sunkuya bisa ruwa, sheƙa goma, hamsin, ɗari. Namiji ne yake saƙa da ɗanyar ciyawa, ya rataye a ƙasan sheƙar kai a ƙasa yana kaɗa fiffike yana kira. Mace ta zo ta shiga ta duba. In ba ta yi mata ba, ko ciyawar ta bushe, yakan warware ya sake sabuwa. Ka lura da inda ƙofar take, ƙasa take kallo, ruwan sama ba ya shiga, maciji ma sai ya sha wuya. In ka daɗe a wurin za ka ji wani kuka siriri mai hawa sama, ka ga wani tsuntsu kore mai ƙyalli da farin ciki marai suna binsa da tsiya. Shi ba ya sheƙa, a cikin ta marai matarsa take jefa ƙwai, su yi mata reno. Zalaidu mai dogon bindi shi ma haka yake yi wa wasu ƙananan tsuntsaye, kuma bindin nan na damina ne kawai, yakan zube. Jan baki kuwa, wanda manomin gero da shinkafa ba ya son jin sunansa, a ƙarshen damina yake sheƙa dubu-dubu a cikin ƙayoyi. A Cadi akwai masu kama shi da raga su kai kasuwar Njamena.

A kan ruwa kirinjijiya za ka fara ji kafin ka gani, fito uku a jere, farar fuska da dogon wuya. Da rani garke take yi, yanzu bibbiyu za ka gan su suna gyara wa juna gashin wuya, daga baya ka ga 'yan tsaki a layi cikin ciyawa. Dinya ita ce babbar cikinsu, babu agwagwar daji da ta kai ta girma a Afirka, tana da ƙaya a gaɓar fiffike wadda take faɗa da ita. Dani namiji yana da tsiro baƙi a kan baki, kuma da damina tsiron ya fi girma. Inda bado ya rufe ruwa ka nemi wani tsuntsu ja-ja mai farin wuya da shuɗin goshi, yatsunsa zara-zara, yana tafiya a kan ganye kamar a kan tabarma. Nasa al'amarin juye yake: mace ta fi girma, takan auri maza fiye da ɗaya, ta saka ƙwai ta bar wa kowannensu kwanci da reno. In uban ya tsorata yakan kwashe 'ya'yan a ƙarƙashin fiffike ya gudu da su, sai ka ga ƙafafu ƙanana suna reto a gefensa. Ranar da na fara ganin wannan na daɗe ban rubuta komai ba. Akwai kuma wani baƙin zalɓe, ƙarami, da yake buɗe fikafikansa ya rufe kansa kamar lema, ya yi inuwa a kan ruwa, ƙananan kifi su shigo inuwar ya tsince su.

Sai gauraka, kuma a kanta nake so mu tsaya. Fadamar Waza da Logon tana cikin wuraren da suka rage mata da ƙarfi a wannan sashe na Afirka. A arewacin Najeriya, ƙasar da ta ɗauke ta tsuntsun ƙasa, ta kusa ƙarewa, saboda fadamu sun zama gonaki kuma ana kama ta ana kaiwa gidajen masu hali. Hukumar kare halittu ta duniya ta sa ta cikin tsuntsayen da ke fuskantar barazana. Da rani takan taru da yawa, da damina kowane miji da mata su ware su nemi ciyawa mai ruwa zuwa gwiwa, su tattake ta su tara tudu, mace ta saka ƙwai biyu ko uku galibi, su yi kwanci bi da bi kusan wata guda. Kafin nan akwai rawa: su sunkuyar da kai, su buɗe fiffike farin ya bayyana, su yi tsalle sama, tukkun nan mai ruwan zinariya yana rawa. Da sassafe bayan ruwan dare aka fi samun wannan.

Zan gaya maka laifin da na taɓa yi, don kada ka maimaita. Shekarun baya, a wani Agusta, na hangi kan gauraka a cikin ciyawa, na san kwanci take. Na so in ga ƙwan in rubuta adadinsu. Na kutsa cikin ruwa, ta sulale ta bar sheƙar, na duba, ƙwai uku, ban taɓa ba, na juya. Ban yi nisa ba hadari ya sauko. Ita kuma ba ta dawo da wuri ba, don tana ganina tsaye a fili. Ƙwan suka sha ruwa mai sanyi, hankaki biyu kuma da suke bin motsina tun farko suka sauka. Da na koma bayan kwana uku ɓawo na tarar. Tsuntsuwar da take haihuwa sau ɗaya a shekara, ni na ɓata mata shekarar saboda lamba ɗaya a littafi. Har yau abin yana damuna. Tun daga ranar dokata ita ce: in tsuntsu ya daina abin da yake yi ya miƙe wuya yana kallona, na matso da yawa, sai in ja baya. In zakaran ƙeƙuwa ya taso yana ihu yana kawo mini sura, akwai ƙwai ko 'ya'ya a ƙasa kusa da ƙafata, sai in koma ta inda na fito ina duban inda nake takawa. Ba na buɗe ciyawa in leƙa sheƙa, ba na kunna kukan tsuntsu a waya don in jawo shi, kuma ba na nuna wa kowa wurin sheƙar gauraka, ko yaro ko babba, domin ɗan gauraka kuɗi ne a hannun mai saye. Kai malami ne, yara za su bi ka. Abin da suka ga ka yi shi za su yi idan ba ka nan.

Yanzu maganar ruwan kansa. Ruwan ƙasarmu ba ya yini yana zuba kullum. Yawancinsa hadari ne da ke haɗowa daga gabas, sau da yawa da la'asar ko cikin dare, iska da ƙura su riga shi, ya zuba kamar da bakin ƙwarya na awa ɗaya ko biyu, ya wuce yamma. A tsakiyarsa babu abin kallo, ƙananan tsuntsaye sun shige ƙaya sun lafe, zalɓe ya tsaya ya janye wuya ya fuskanci iska. Amma gabansa da bayansa su ne ribar ranar. Kafin ya iso, iska takan ɗaga ƙwari sama, tsattsewa su cika sararin sama suna kamu. Da ya ɗauke kuma komai yakan fito lokaci guda, a yi ta karkaɗe jiki da gyaran gashi da kuka. Ragon maza yakan hau kan kara ya shanya fiffike yana wannan kuka nasa kamar ana tsiyayar ruwa daga buta. In ka yi sa'a shinge, wato gara mai fiffike, ya tashi daga suri, to ka tsaya nan: shirwa, cilakowa, hankaka, shamuwa, har tsuntsayen da ka sani da cin tsaba, kowa zai zo, domin shinge kitse ne kuma ga 'ya'ya a sheƙa. Yayyafi da irin ruwan marka na Agusta, mai sauka a hankali, ba sa hana tsuntsayen ruwa kiwo, don suna da wani maiƙo a gindin bindi da suke shafa wa gashinsu da baki, ruwa ya riƙa zamewa. A irin wannan rana sukan bari a matso fiye da kullum, tafiyarka ba ta ƙara a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ga haske mai kyau: babu hazon hunturu, babu wannan rawar da iska ke yi a kan ruwa da zafin rana, launi yana fitowa yadda yake. Ka fita da an idar da sallar asuba, ka dawo da hantsi, ka sake fita in ruwa ya ɗauke da yamma. Ka kuma ba kunnenka aiki, don ciyawa ta yi tsawo, da yawa za ka ji su ba ka gan su ba, kuma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Abin da nake tsoro a fadama ba jiƙewa ba ne, aradu ce. Fili ne shimfiɗe, in kana kan jinga kai ne mafi tsawo a wurin. Da ka ga walƙiya ka fara ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa. Kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ke nan. In bai kai talatin ba, ka sauka daga tudu, ka fita daga kwalekwale, ka nemi ɗaki ko mota. Kada ka fake a gindin itace guda da ke tsaye shi kaɗai. Ka san halin mayo, wato rafin da ke ƙafewa da rani, tun da a Marwa kake, ka ga yadda rafin Kaliyawo ke cika bayan an yi ruwa a kan duwatsun Mandara alhali a gari ko ɗigo ba a yi ba. Kada ka tsallaka rafi da niyyar dawowa da yamma ba ka dubi sama ba.

Kaya ba su da yawa. Rigar ruwa mai duhun launi ta fi lema, don lema tana kama hannu, tana kaɗawa, tsuntsu yana gudunta. Takalmin roba mai tsawo, hula mai baki don ta kare gilashin madubi. Madubin ka rataye shi a cikin riga, ka goge shi da tsumma mai laushi, kada ka goge da bakin riga in akwai yashi. In ka dawo gida ka fito da shi daga jaka ya sha iska, domin danshi yana haifar da fumfuna a cikin gilashi, kuma in ta kama ba ta fita da sauƙi. Waya da littafi a leda. Ka yi rubutu da fensir, biro yana narkewa a jiƙaƙƙiyar takarda.

Sauro gaskiya ne, ka kwana a gidan sauro, ka sa doguwar riga da yamma, in zazzaɓi ya kama ka ko da bayan mako biyu da dawowa ne ka je a gwada jini. Kada ka shiga ruwan da ke kwance da ƙafa tsirara, tsargiya tana nan a magudanan shinkafa, katantanwa ce ke ɗauke da ita. Idan ruwa ya cika, macizai sukan hau tudun da kai ma kake nema. Kasa ba ta gudu, kububuwa ƙarama ce amma dafinta yana hana jini daskarewa. In tsautsayi ya faɗa, ba tsaga, ba ɗauri, asibiti kai tsaye. A tabkin Maga akwai dorina, saboda haka kada ka hau kwalekwale sai da masuncin wurin, kuma in ya ce ba a bin nan, ba a bi.

Da ɗan gari akan ci gari. In ka isa ƙauye ka fara gaida bulama ko lawan, ka faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ka, ka nuna madubin, ka ba shi ya duba da kansa. A yankin da aka sha wahalar rashin tsaro, baƙon da ke tsaye yana hangen nesa yana rubutu abin tuhuma ne, kuma mutane suna da hujja. Ka riƙe katin shaidarka, kada ka juya madubi wajen sojoji ko gada ko gidan mutane. Masuntan Musgum da Kotoko da makiyayan Fulani da Larabawa Shuwa sun san inda kowane tsuntsu yake kwana. Ka tambaye su sunan tsuntsu da harshensu ka rubuta kusa da na Hausa, ka kuma ba wanda ya raka ka haƙƙin yininsa, don lokacin noma ka ɗauke shi. Kada ka taka kunyar shinkafa.

Littafin nan naka yana da daraja fiye da yadda kake zato. Masu bincike, na gida da na waje, har da ɗaliban makarantar koyon kula da namun daji ta Garwa da aka buɗe a 1970, sun fi shiga fadama lokacin da mota ke iya shiga, don haka abin da aka rubuta game da rani ya fi na damina yawa nesa ba kusa ba. Ka zaɓi wuri ɗaya, ko kududdufi ɗaya ne, ka riƙa komawa duk mako. Ka rubuta kwanan wata, ƙarfe nawa, an yi ruwa jiya ko ba a yi ba, ruwan ya kai ina a jikin wata alama da ka zaɓa, wa ka gani, guda nawa, me yake yi: ɗaukar ciyawa, kwanci, ciyarwa. Wanda ba ka san sunansa ba ka zana shi, ka faɗi girmansa a kan kurciya ko zabo, launin baki da na ƙafa. Wajen ƙarshen Agusta ka sa ido a bakin laka, 'yan farkon baƙin Turai sukan fara sauka ɗaya-ɗaya, ƙanana masu ruwan toka suna kaɗa bindi. Ka rubuta ranar da ka ga na farko. Sannan ka nemi Asabar ɗaya a ƙarshen Nuwamba ka koma wurin nan dai, lokacin da shamuwa ta tafi, mulufi yana tuɓe jar riga, 'ya'yan gauraka suna bin iyayensu da ɗan guntun tukku, ka buɗe shafin Yuli ka ajiye shi kusa da na ranar.